Lambar da Na Sa wa Mai Kifi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a ɗakin kati na wani asibiti a Wudil. Mutane suna ɗauka aikinmu bai wuce yankar kati da nemo fayil ba, kuma ba su yi nisa da gaskiya ba. Sai dai akwai ɓangaren da ba wanda ke gani. Idan za a sallami mara lafiya, ko kuma ya rasu, fayil ɗinsa teburina yake dawowa. In karanta abin da likita ya rubuta, in mayar da shi lamba. Kowace cuta tana da lambarta a wani ƙaton littafi da asibitoci ke amfani da shi: zazzaɓin cizon sauro da lambarsa, hawan jini da tasa, har wanda ya faɗo daga bishiya akwai inda za a ajiye shi. Da biro muka fara. Daga baya aka kawo kwamfuta, sai ya zama zaɓa nake yi, ita kuma ta buga lambar da bayaninta da Turanci a takardar sallama da ake ba iyalin mara lafiya.

Matar da zan ba da labarinta na san ta tun kafin fayil ɗinta ya zo hannuna. Kifi take soyawa a bakin titi, kafin a kai gada. Mace ce doguwa, mai fara'a, za ta ba ni shekara goma. Duk ranar Alhamis in na tashi aiki nakan tsaya wurinta, kuma da ta lura ina son kan kifi, sai ta riƙa ajiye mini guda biyu a gefen faranti. Mijinta noman rani yake yi a bakin kogi, albasa da tumatir. Asalinsu mutanen Lajawa ne. Iyakar abin da na sani ke nan. Ban san tana shan wani magani ba, ban kuma taɓa ganin abin da zai sa in yi zato ba.

A shekarar da abin ya faru, azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Zafin da aka yi, ko mu da muke ƙarƙashin fanka muna ji a jikinmu, balle wadda ke tsaye gaban kasko tun la'asar don masu shan ruwa su samu na zafi. Wajen ashirin ga wata aka kawo ta asibitinmu a Adaidaita Sahu. Ban ga shigowarta ba. Nas ce ta gaya mini a masallacin mata, ta ce mai kifinki tana ɗakin mata, hannunta yana karkarwa, ba ta iya tsayuwa, maganarta kamar harshen ya yi mata nauyi. Na je na duba ta sau ɗaya. Ana mata ƙarin ruwa, idonta a buɗe amma ba ni take kallo ba. Na yi wa mijin sannu na fito.

Kwana tara ta yi. Saura kwana biyu sallah aka ce za a sallame ta, fayil ɗin ya zo mini da hantsi cikin tarin wasu. A nan na fara sanin labarinta. Akwai tsohuwar wasiƙa daga wani asibiti a Kano. Bayan haihuwarta ta ƙarshe ta yi ciwon da ke sa mutum ya yi kwanaki ba barci, yana surutu, yana rabar da kayansa, sannan ya dawo ya kwanta makonni ba ya son ganin kowa. Aka ɗora ta a kan wani magani, litiyam, ƙwaya ce da ake sha kullum. Shekara bakwai tana sha lafiya lau. Magani ne mai kyau, amma tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke zama guba tazarar kaɗan ce. An ɗebi jininta an aika Kano, sakamako ya dawo ya nuna maganin ya yi mata yawa a jiki.

Likitan da ya karɓe ta ya rubuta da Turanci, cikin sauri: gubar litiyam. A ƙasa ya ƙara kalma ɗaya mai nufin shan magani fiye da ƙima, ya sa mata alamar tambaya.

Guba ba kamar zazzaɓi ba ce a wurinmu. Ba a sa lambar gubar kaɗai, sai an faɗi yadda aka yi ta shiga. Ko mutum ya sha da yawa bisa kuskure, ko ya sha da gangan don ya cutar da kansa, ko kuwa ya sha daidai yadda aka umarce shi amma maganin ya taru masa a jiki. Akwai kuma ta huɗu, wato ba a sani ba. Abu na farko da aka koya mana a makaranta shi ne, idan likita bai fayyace ba, ki koma ki tambaye shi, kada ki cika masa magana. Na san wannan kamar yadda na san sunana.

Likitan ya riga ya tafi garinsu hutun sallah. Da na ɗauki waya na kira shi, minti biyu ne. Amma layi ya kai bakin baranda, kaina yana sara, mijin matar kuma yana tsaye a taga tun ɗazu, hularsa a hannu, yana jiran takarda don su tafi gida kafin rana ta take. Na juya shafukan baya. Na sake ganin wasiƙar Kano da sunan ciwonta. Na ga inda wata nas ta rubuta a rana ta biyu cewa mara lafiya ta ce ta gaji, a ƙyale ta. Na haɗa wannan da wancan a raina, na ce ai magana ta fito. Na zaɓi lambar cutar da kai da gangan. Kwamfuta ta buga, na ninke takardar na miƙa masa.

"Allah ya ƙara sauƙi, Malam."

"Amin, Malama. Allah ya saka da alheri. A yi sallah lafiya."

Bayan sallah na tsaya a bakin gada ranar Alhamis, ba ta nan. Na ce jiki ne bai gama warwarewa ba. Mako na gaba wata mai awara ta zauna a wurin. Ban tambayi kowa ba. Ina jin tun lokacin akwai abin da ba na so in ji.

Sai da damina ta zauna, bayan wajen wata biyu, mijin ya dawo. Bai shiga layi ba. Ya tsaya gefe har mutane suka ragu, sannan ya matso tagar. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi maigida da yara, na tambayi gona, na tambayi mai jiki. Ya ce da sauƙi. Sannan ya ciro wani abu a naɗe daga aljihun rigarsa.

"Malama, ni ban yi boko ba. Takardar da kika ba ni, yayana na kai wa, shi ne ma'aikaci, shi yake karanta mana. Ya ce an rubuta wai ita ta sha maganin don ta kashe kanta."

Na ce ya shigo ciki. Na ba shi kujerar da muke ɗora fayiloli.

Abin da ya naɗo kalanda ce, irin ta masu sayar da taki, ta yi baƙi da hayaƙi. Ya shimfiɗa ta a teburina. Kowace rana akwai ɗan zane da biro a kanta, guda biyu. Ya ce a jikin ƙofar ɗakinta take rataye. Tun da aka ɗora ta a kan maganin, ba ta taɓa haɗiyar ƙwaya ba tare da ta zana ba, don tana tsoron ciwon ya dawo fiye da yadda take tsoron komai. Da azumi ya zo, sai ta mayar da shan zuwa sahur da shan ruwa. Ya fito da robar maganin, ya zazzage a kan takarda.

"Na ƙirga sau uku. Abin da aka ba mu, da abin da ta zana, da abin da ya rage, babu ɗaya da ta ɓata. To a ina ta samu na kashe kai?"

Na tambaye shi me ya faru kafin a kawo ta. Ya ce bayanta ya matsa mata saboda tsayuwa, ya sayo mata maganin ciwon jiki a kemis, ta yi kusan mako tana sha. Sai gudawa ta kama ta, da amai. Ya ce mata ta ajiye azumin, ta ce saura kaɗan. Ba wanda ya tambaye shi wannan a ranar da suka zo, shi kuma bai ga abin faɗa ba ne.

Na ɗauki fayil da kalanda muka tafi ofishin likita. Ya saurari mijin har ƙarshe. Ya ce masa, cikin Hausa mai sauƙi, ƙoda ce ke fitar da wannan magani daga jiki. Idan ruwan jiki ya ƙone da zafi da gumi da gudawa, aka kuma haɗa da irin wancan maganin ciwon jiki, ƙoda takan kasa, sai maganin ya taru ko da ba a ƙara ƙwaya ɗaya ba. Ya ce wannan shi ne abin da ya fi kama da gaskiya, kuma shi bai taɓa cewa da gangan ta sha ba. Ya buɗe takardar sallama, ya karanta, ya ɗago kai.

"Wa ya sa wannan lambar?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

Na so ya yi faɗa. Bai yi ba. Ya ce shi ma da laifinsa, bai kamata ya bar alamar tambaya ya tafi ba. Ya zauna ya rubuta ƙarin bayani, ya sa hannu. A aikinmu ba a goge abin da aka rubuta. Layi ɗaya ake ja a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, a rubuta gyara a gefe. Na ja layin, na sa sabuwar lamba: magani da aka sha bisa ƙa'ida, ya yi illa. Kwamfuta ta buga sabuwar takarda.

A baranda mijin ya gaya mini sauran. Yayansa shi ne babba a gidansu, maganarsa ake bi. Da ya karanta takardar, ya ce a mayar da ita Lajawa inda akwai idanu. Aka kwashe wuƙaƙe daga inda take, aka ɓoye igiyar guga. Ko bayan gida za ta, sai wata ta tsaya a ƙofa. Sabon maganin da likita ya canza mata ma an karɓe, an ce ba za a sake ba ta ƙwaya a hannu ba. Mijin ya ce yanzu ba ta cika magana ba.

Na ce zan bi shi ranar Asabar.

Mun isa da hantsi. Gero ya fara kai gwiwa, ko'ina kore. Yayan yana zaure a kan darduma, dattijo mai tsabta, da tabarau. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo ruwa. Na ba shi sabuwar takarda. Ya aika aka ɗauko tsohuwar, ya jera su a gabansa, ya karanta kowace a hankali.

"Malama, mun gode da tattaki. Amma ni ma na yi aikin ofis. Ta farko an rubuta ta ne da abin da aka gani. Ta biyu an rubuta ta bayan ƙanena ya je ya yi kuka."

"Alhaji, ta farkon ba likita ne ya faɗa ba. Ni na zaɓi lambar, ban tambaye shi ba. Zato na yi."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ba da fushi ba.

"To yanzu wacce zan ɗauka? Wadda kika ce kin yi zato, ko wadda kika kawo don ki wanke zaton?"

Na ce ya kira likitan da kansa, ga kalanda, ga ƙwayoyi. Ya ce zai duba. Ya ninke takardun biyu tare ya sa a aljihu ɗaya. Sannan ya ce in shiga ciki in gaida mai jiki.

Tana zaune a kan tabarma a inuwar rumbu, wata tsohuwa a kusa da ita tana tsinkar zogale. Ta rame. Hannayenta suna kan cinyarta suna rawa, ba irin rawar sanyi ba, wata iri mai faɗi, kamar tana kaɗa wani abu da ba a gani. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta yi murmushi.

"Malama mai kan kifi."

Maganar tana fita a ja, kowace kalma sai ta yi mata dako. Na zauna kusa da ita. Muka gaisa. Na rasa ta inda zan fara, sai ita ta fara.

"Kin ji abin da na yi ko?"

"Yaya, ba ki yi komai ba."

"An ce takarda ta faɗa. Ni ban tuna ba. Kwanakin nan duk sun ɓace mini. Kullum ina zaune ina nema a kaina, ko na tashi ne na zuba a hannu na sha. Wani lokaci har sai in ga kamar ina ganin kaina ina yi." Ta dubi hannayenta. "Na yi ta istigfari. Ban san ko ana yafe irin wannan ba."

Na yi tunanin an ɓata mata suna a wurin mutane. Ban yi tunanin wata biyu ta yi tana tuba daga abin da ni na ƙirƙira a teburina, ina azumi, cikin minti ɗaya ba.

Na gaya mata komai. Zafi, gudawa, maganin kemis, ƙoda. Na gaya mata mijinta ya ƙirga ƙwayoyin babu wadda ta ɓata. Na gaya mata likita bai ce ta yi ba, ni ce na sa lambar ba tare da na tambaya ba. Tana saurare, kanta yana ɗan girgiza.

"Ƙara faɗa."

Na sake faɗa.

"A'a, wurin ƙwayoyin."

Na ce babu ɗaya da ta ɓata. Ta rufe ido. Hawaye suka zubo, ba ta iya sharewa da kyau ba saboda hannun, tsohuwar ta share mata da gefen zane.

"Ashe ban yi ba," ta ce. Can kuma ta ce, "Za ki faɗa a gaban matan gidan?"

Aka kira su. Na tsaya a tsakar gida, a gaban mata wajen goma da ban sani ba, na faɗi abin da na yi. Wasu suka ce Allah sarki. Wasu suka dubi juna. Da zan tafi na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ɗora hannunta mai rawa a kafaɗata ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na yi ta juya wannan amsa a mota har Wudil. Haka kowa ke cewa. Har yau ban san ko ta yafe ɗin ba ne, ko kuwa ta ba ni abin da ake ba baƙo ne don ya tafi.

Kafin kaka mijin ya dawo da ita gidansu na Wudil, ko da yardar yayan ko babu, ban tambaya ba. Ya mayar da ita asibitin Kano aka daidaita mata wani magani. Hankalinta ya zauna. Amma rawar hannun ba ta tafi ba, likita ya ce wani lokaci gubar takan bar tabo a ƙwaƙwalwa. Ba ta sake riƙe matsami a gaban mai mai zafi ba. Nakan je gidan wani lokaci. Takan yi hira, takan yi dariya ma. Sau biyu, muna cikin wata maganar daban, ta tsaya ta ce, "Kin tabbata dai ko?" Na ce na tabbata.

Ƙodar ba ta koma daidai ba. A shekara ta biyu, bayan an gama girbi, ƙafafunta suka kumbura, aka kwantar da ita a Kano, a can ta rasu. Na je zaman makoki rana ta uku. Ina zaune a ɗaki cike da mata, carbi a hannuna, sai na ji wata a bayana ta yi ƙasa da murya.

"Ba ita ce wadda ta taɓa shan magani ba?"

"An ce daga baya asibiti sun gyara takardar."

"Ai dama za su gyara."

Na juya. Ban san su ba, su ma ba su san ni ba. Na buɗe baki, sai aka ɗaga murya da addu'a, kowa ya ɗaga hannu, ni ma na ɗaga. Da aka shafa sun tashi. Na bi su da ido har ƙofa. Na yi magana a gaban mata goma a Lajawa, amma maganar farko ta riga ta je gidajen da ban san hanyarsu ba.

Ina nan a teburin. Likitoci sabbi suna cewa na cika naci, don ko wasali ban gane ba sai na bi mutum har ɗakin tiyata. Wata rana in fayil ya zo da sunan wannan magani, ko da na wani ne daban, sai in ji muryarta a ja, kusa da kunnena, tana cewa in ƙara faɗa. Nakan tashi in fita baranda in tsaya har ta wuce.

Mijin bai ƙara aure ba tukuna. Duk lokacin da ya cire albasa, sai ya zo asibiti da ƙaramin buhu a bayan keke, ya ajiye a ƙofar ɗakin kati. Yana wurin a zaure ranar da na ce ni na sa lambar, da kunnensa ya ji. Amma in zai gabatar da ni ga wani, cewa yake, wannan ita ce Malamar da ta wanke mai ɗakina. Na taɓa ce masa, Malam, ni ce fa na ɓata tun farko. Ya ce ya sani, ya ci gaba da kwance igiyar buhun.

Ba na iya mayar masa, ba na kuma iya dafawa. Maƙwabta nake rabawa, su yi ta sa albarka, suna cewa albasar bakin kogi ta fi daɗi.